Daga Bara Zuwa Saiti: Tsohuwar Bindiga Mai Sakata Da Maharban Ƙasar Dutsin-Ma

Gabatarwa

Mutanen Dutsin-Ma suna da labarin da suka gada game da sunan garinsu. Sun ce wani maharbi ne mai suna Ma ya fara zama a kan dutsen nan da ke tsakiyar gari, mutane suka riƙa cewa za su dutsen Ma, har sunan ya bi wurin. Ko mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin tarihi ko kuwa hikaya, abu guda dai ba ya ɓuya, wato yankin nan da ya taso daga Kurfi, ya bi ta Dutsin-Ma da Zobe, ya dangana da bakin dajin Rugu, ƙasar maharba ce tun kaka da kakanni.

Hausa tana da kalmomi biyu na abin da mai harbi yake yi kafin ya saki. Ta farko ita ce “bara”, tsohuwar kalma wadda ta saura a kirarin gwanki, wato gwanki sha bara, kirarin da aka ɗora wa Ɗanwaire, jarumin nan na Ruma, saboda an sha auna shi ba a samu ba. Ta biyu ita ce “saiti”, wadda muka aro daga Ingilishi, ta shigo mana tare da bindigar soja. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun yadda aka tashi daga waccan kalma aka zo wannan, ta hanyar duba tarihin tsohuwar bindigar nan mai sakata wadda 'yan sanda da tsofaffin soja suke kira Mak-fo. A kan hanya za mu ga abin da ke sa bindiga ta sami abin da aka auna, da abin da ke sa ta daina samu idan ta tsufa, da kuma yadda masu sana'ar suke maido mata da saitinta.

Maharbi Da Sanɗa

Kafin a je ga bindiga, ya kamata a bambance maharbi da mafarauci, domin mutanen birni sukan haɗa su. Mafarauta jama'a ce, sukan fita da rani gari-gari, da karnuka da gora da barandami da makaɗa, su kewaye daji su tayar da nama. Maharbi kuwa shi kaɗai yake shiga daji, ko shi da ɗansa, ba kiɗa ba hayaniya, kuma shugabansa shi ne Sarkin Baka. Makaminsa na asali baka ne da kibiya. Kibiyar ƙasar Hausa ta kyauro ce, ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar yadda wasu al'ummu suke yi, don haka ba ta yin nisa a miƙe. Ƙarfinta yana ga dafin da ake shafa mata, wanda akasari da 'ya'yan kwankwani ake dafa shi, dafi ne mai tsayar da zuciya.

To, tun da makami ba ya kai wa nesa, sai maharbi ya kai kansa kusa. A nan ilminsa yake. Ya san sawu, ya san kashin kowace dabba da lokacin da ta yi shi, ya san mashaya. Yakan barbaɗa ƙura ya ga inda iska ta nufa, don kada ta kai wa nama warinsa. Yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana ɗaga kai yana sunkuyarwa kamar tsuntsun yana kiwo, har ya iso dab da barewa ko gwanki ba su ankara ba. Wannan ita ce bara: a rage tazara har kuskure ya rasa wurin shiga.

Zuwan Bindiga

Sunayen kayan bindiga da kansu sun nuna hanyar da ta fara biyowa, domin kuwa bindiga da harsashi da albarushi duk kalmomin Larabci ne. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno yana da 'yan bindiga Turkawa, kamar yadda limaminsa Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki.

Duk da haka bindiga ba ta kori baka ba. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir. Bature Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a filin daga a 1826, ya tarar 'yan bindiga tsiraru ne cikin dubban mayaƙa. A watan Maris na 1853 kuma wani matafiyin, Heinrich Barth, ya bi ta Kurfi a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, abin da ya ja hankalinsa shi ne ganuwa da ramukan da aka kewaye garin da su saboda harin Maraɗi da Gobir. Tsaron irin waɗannan garuruwa a hannun 'yan baka yake. Sai a rabin ƙarshe na wannan ƙarni bindiga ta yawaita, musamman a Damagaram, inda Sarki Tanimu ya tara ta da yawa, har yana sa a haɗa albarushi a kuma zuba igwa a cikin birninsa.

Me ya hana bindigar wancan zamani rinjaye? Amsar tana cikin bututunta. Bindiga ce da ake ɗura wa ta baki, a zuba albarushi, a sa tsumma, a jefa harsashi, a danna da tsinken ɗuri, ƙanƙara ta ƙyasta wuta. Cikin bututun sumul yake, harsashin kuma dole ya fi ramin ƙanƙanta kafin ya shiga. Saboda haka idan an harba yakan fito yana karo da bangon bututu, gefen da ya buga na ƙarshe shi ke yanke inda zai nufa. In tazara ta kusa yadi ɗari, samun mutum ko dabba ya zama sa'a. Ga jinkirin ɗuri, ga shi in ruwa ya taɓa albarushi zance ya ƙare. Babban amfaninta a yaƙi shi ne ƙara da hayaƙi masu razana dawaki. Irin waɗannan bindigogi ne fatake suka riƙa kawowa daga bakin teku, akasarinsu ƙirar Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam, ko da yake Turawa sun laƙaba musu sunan mutanen Denmak, waɗanda suka yi cinikinsu a gaɓar ƙasar da ake kira Ghana a yau. Maharbin da ya sami irin wannan bindiga bai ajiye kan burtunsa ba, domin ita ma sai an yi mata sanɗa.

Abin Da Ya Faru A Turai

Tun ƙarni na 16 maƙeran ƙasashen Jamus sun gano cewa idan aka yi wa cikin bututu tsaga mai murɗewa, harsashi zai fito yana juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa, juyawar nan kuwa ita ke hana shi karkata. Matsalar ita ce cusa harsashi ta baki a cikin bututu mai tsaga yana da wuya. Ƙarni na 19 ne ya warware wannan, mataki-mataki. A 1841 sojan Furushiya suka karɓi bindigar Dreyse, wadda ake buɗewa ta baya da sakata. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi. A 1888 Ingila ta ɗauki bindiga mai sakata da gidan harsashi, ƙirar James Paris Lee, da tsagar bututu irin ta Metford. Da aka ga zafin sabon albarushi yana cinye wannan tsaga, sai masana'antar Enfield ta fito da wata mai zurfi, layi biyar, aka sami Lee-Enfield a 1895. Jamus kuma ta fito da Mauser a 1898.

Aikin sakatar ba shi da wuyar fahimta. A bayan bututu akwai wani ƙarfe mai mariƙi, kamar sakatar ƙofa. Mai harbi zai ɗaga mariƙin ya ja baya, kwanson da aka harba ya faɗo. Ya tura gaba, sakata ta kwaso sabon harsashi daga gidansa ta cusa shi. Ya kwantar da mariƙi, ta kulle. Kowane harsashi yana zama daidai inda ɗan'uwansa ya zauna, da awon albarushi iri ɗaya, kuma babu wani babban ƙarfe da ke kai da kawowa a lokacin da wuta ta tashi. Wannan maimaituwa ita ce asirin saiti. Harsashin Lee-Enfield, mai kauri .303 na inci, yana barin baki da gudun ƙafa 2,440 a sakan ɗaya, tsagar kuma tana juya shi sau ɗaya a kowane inci 10, wato yana juyawa kusan sau 3,000 a sakan.

A daidai lokacin da wannan bindiga take fitowa ne manyan ƙasashe suka taru a Burasels, suka sa hannu a wata yarjejeniya ranar 2 ga Yuli, 1890. Da sunan yaƙi da cinikin bayi aka yi ta, to amma a cikinta akwai sharaɗin da ya hana sayar wa mutanen Afirka ta tsakiya, daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, bindigogi masu tsaga da masu buɗewa ta baya. Abin da aka yarda a ci gaba da sayarwa shi ne bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ƙasar Hausa duk tana cikin wannan yanki. Gaskiya ne wasu bindigogin zamani sun ci gaba da sulalowa ta Sahara, Rabe ma da irinsu ya ci Barno a 1893. Amma ga yawancin sarakuna da maharba, an bar musu ƙara da hayaƙi, an riƙe saiti.

Shekarar 1903

Sakamakon wannan ya bayyana bayan shekara goma sha uku. Rundunar Kanar Morland da ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903 ba ta kai mutum dubu ba, kuma mafi yawan sojojin baƙar fata ne, da yawansu ma Hausa suke ji. Suna riƙe da bindigogi masu tsaga masu cin harsashi .303, ga igwa, ga bindiga mai ruwan harsashi ƙirar Maxim. A Kwatarkwashi, cikin wannan wata, sojoji da ba su kai hamsin ba suka tsaya suka tare mahayan Kano, Waziri Ahmadu ya faɗi a wurin. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. Katsina, a ƙarƙashin Sarki Abubakar, ba ta yi yaƙi ba. Mazajen da suka yi sukuwa a waɗannan wurare ba jaruntaka suka rasa ba. Sun saba da yaƙin da ake gwabzawa a tazarar mashi da kibiya, sai ga mutuwa tana iske su tun daga yadi ɗari uku ko fiye. Inda aka sami kusanci kuwa tsohon makami ya yi aikinsa, domin a Burmi, ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, kwamandan Turawa.

Mulkin mallaka ya tabbatar da wannan rabo. Bindiga mai sakata ta zama ta gwamnati, sai kuma Bature mai lasisi da ke fita harbin nishaɗi. Maharbin ƙauye aka bar shi da bindigar toka, wadda maƙeranmu suka ƙware wajen ƙera ta, daga baya har da bututun sitiyarin tsohuwar mota. Sunan da jama'a suka ba ta, harba-ka-ruga, ya isa bayani a kan yadda aka yarda da ita.

'Yan Bama Da Mak-fo

Hanyar da talakan ƙasar nan ya bi ya san bindiga mai sakata ciki da waje ita ce aikin soja, musamman a Yaƙin Duniya na Biyu. Samarin Arewa sun yi yaƙi a Habasha a 1941, sannan a Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, daga 1943 zuwa 1945. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gado a 1944, ya je har can ya gaishe su. Lee-Enfield ce a kafaɗarsu. Samfurinta mai lamba 4, wanda aka fara ƙerawa da yawa a 1941, shi ne ya daɗe a hannun 'yan sandan Nijeriya bayan soja sun koma ga bindigogi masu ɗura kansu a shekarun 1960. Tana cin harsashi goma, bututunta ya fi na magabatanta kauri, kuma an mayar da saitinta na baya kusa da idon mai harbi, aka yi shi ƙaramar huda, mai awo har zuwa yadi 1,300.

Tarihin wannan samfuri cike yake da darasin saiti. Daga 1942 aka riƙa ware waɗanda suka fi kyau a gwajin masana'anta ana aika su kamfanin Holland & Holland a Landan, a ɗaura musu madubin hange, a buga lambar madubin a jikin ƙota don kada a raba su, a ba gwanayen harbi. A 1944 aka fito da gajeriya marar nauyi don yaƙin kurmi, aka rage mata ƙarfe nan da can, sai ƙorafi ya yi yawa cewa saitinta ba ya zama wuri ɗaya, aka daina ƙera ta a 1947. A 1949 kuma aka sauya wurin da kunama take rataye, aka ɗauke ta daga ƙarfen da ke kwance a kan katako aka maƙala ta a jikin bindigar kanta, saboda an lura kumburin katako yana canza nauyin janta. Wasu daga cikin na gwanayen harbi an sake musu bututu a 1970, suka yi aiki har a yaƙin Fokland na 1982. Masu sintirin arewacin Kanada kuwa sun riƙe ta fiye da shekara 70, tun daga 1947. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe, amma fa sai wadda aka adana.

Yadda Saiti Ke Ɓacewa Da Yadda Ake Maido Shi

Masu gyaran bindiga na soja ba sa fara taɓa komai sai sun yi gwaji. Akan kafa allo a yadi 100, a ɗora bindiga a kan buhun yashi, a harba biyar ana auna wuri ɗaya. Tambaya biyu ake yi wa allon. Shin hudojin sun taru ko sun warwatse? In sun taru, a ina suka taru? Idan sun taru amma a gefe, bindiga lafiya lau take, saitin kawai za a gusa. Idan kuwa sun warwatse, gusa saiti ba zai yi maganin komai ba, sai a nemi cutar a ɗayan wurare huɗu.

Na farko shi ne bututu. Harsashin wancan zamani yana barin wani gishiri a ciki bayan an harba, gishirin ya jawo laima, laima ta kawo tsatsa, mai kuma ba ya narkar da shi. Shi ya sa aka koya wa soja ya zuba tafasasshen ruwa ta mazurari bayan harbi, ya busar, sannan ya shafa mai da igiyar goge bututu, wadda ake ajiyewa tare da 'yar kwalbar mai a wani rami a gindin ƙota. Ita kanta igiyar, in ana janta a karkace tana gogar leɓen bututu, da sannu takan cinye gefe ɗaya. Leɓen nan kuwa shi ne abu na ƙarshe da harsashi yake taɓawa. In ya ci a gefe, iskar da ke bayan harsashi takan riga fita ta nan ta ture shi. Gyaransa shi ne gwani ya sake daidaita leɓen. In tsagar ciki ce ta shafe, sai dai sabon bututu.

Na biyu shi ne katako, kuma wannan ya fi shafar ƙasa irin tamu. Duk wanda ya ga ƙofar katako tana ƙin rufuwa a watan Agusta, ta koma tana lilo da hunturu, ya san abin da damina da iskar hunturu suke yi wa itace. Bututu yana karkarwa idan an harba, kuma ana so ya yi karkarwar iri ɗaya kowane lokaci. In katako ya bushe ya saki, ƙarfe ya riƙa motsi a cikinsa. In ya kumbura, ya danne bututu ta gefe. Saboda haka ake shayar da katakon da man da ke hana shi shan laima, a ɗaure sukurori daidai, a cike inda ya lotsa. Gwanayen gasar harbi na Bisley a Ingila sun riƙa yin ciko da ɓawon itace mai taushi irin na toshiyar kwalba. Bayan yaƙi aka sami danƙon zamani mai daskarewa, wanda ake shimfiɗa wa ƙarfen ya zauna daram. A bindigogin farauta da yawa akan rarake katakon ta yadda bututu ba zai taɓa shi ba sam, amma mai lamba 4 an tsara ta ne bututun ya ɗan jingina a kan katako kusa da baki.

Na uku ita ce kunama. In ta yi tauri, mai harbi zai fizge ta, bakin bindiga ya gusa kafin harsashi ya fita. In kuma wani marar sani ya goge ta don ta yi laushi, ta zama mai tashi da kanta, wannan kuwa kisan kai ne ke jiran rana. Aikin mai lasisi ne.

Na huɗu shi ne saitin kansa da harsashin da ake sa wa bindiga. A nan ɗan lissafin aji ɗaya na sakandare ya wadatar. A ce tsakanin saitin gaba da na baya inci 30 ne, allo kuma yana yadi 100, wato inci 3,600. Duk kuskuren da aka yi a saiti zai ninku sau 120 kafin ya isa allo. Milimita ɗaya ta zama santimita 12. Saitin da ke girgiɗi kaɗan ya isa ya sa a kuskure barewa. Haka kuma harsashi yana faɗuwa tun daga lokacin da ya bar baki, kafin ya kai yadi 300 ya sauka fiye da ƙafa biyu, abin da awon saitin baya yake ramawa ke nan. Harsashin da ya daɗe a zafi, ko wanda aka gauraya daga masana'antu daban-daban, ba zai faɗa wuri ɗaya ba ko da bindiga sabuwa ce.

Mai karatu zai lura cewa duk cikin waɗannan babu wani abu da ake ƙara wa bindigar na ban mamaki. Mayar da ita ake yi yadda take tun farko, a kuma hana ta canzawa tsakanin harbi da harbi. Bayan an gama duk wannan, saura mutumin da ke bayanta: numfashinsa, da haƙurinsa, da sanin tazarar da bai kamata ya wuce ba.

Doka Da Halin Da Aka Shiga

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, kuma bindigar soja mai cin .303 tana cikinsu. Akwai na kai, irin su mai baki biyu da bindigar farauta mai tsaga, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗuri ta baki, waɗanda aka bar wa Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Gyaran bindiga ma sai da izini. Wanda ya duba da kyau zai ga inuwar Burasels a wannan kashi, domin har bayan samun 'yancin kai bindigar toka ce rabon maharbin ƙauye.

Shi kuma dajin da maharbin yake shiga ya canza. Gonaki sun ci shi, manyan namun daji sun ƙaura ko sun ƙare. Madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a kan kogin Karaɗuwa a 1983, ta mayar da wani sashe na yankin wurin su da noman rani. Sannan wata bindigar ta shigo, wato AK-47, wadda ta ƙara yaɗuwa a yankin Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. A watan Afrilu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 47 a ƙauyukan Ɗanmusa da Dutsin-Ma da Safana, kamar yadda 'yan sanda suka bayar. A watan Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma don taimaka wa jami'an tsaro. A tsawon waɗannan shekaru an sha ganin 'yan sintiri da jikokin maharba sun fita da bindigar toka su tari mai gidan harsashi talatin, wato rabon 1890 ya sake dawowa, wannan karon tsakanin 'yan ƙasa ɗaya.

To amma akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. Maharbi mai baka yana da kibiya ƙidayayyu, mai bindigar toka yana da ɗuri ɗaya, sojan da ke riƙe da Mak-fo kuma ana ƙidaya masa harsashi a kuma tambaye shi inda kowanne ya tafi. Dukkansu an tilasta musu su duba kafin su saki, su san abin da suke aunawa da abin da ke bayansa. Wanda ya buɗe wuta a kan kasuwa ko ƙauye da dare ba ya auna kowa, saboda haka kowa ma abin harbinsa ne.

Kammalawa

Akan ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Wannan karin magana ce ta ba da haƙuri ga wanda ya sami kaɗan, amma maharbi na gaskiya ba ya aiki da ita a daji. Ya san dabbar da aka raunata ko dai ta tafi ta mutu a banza inda ba mai amfana, ko kuwa, in ɓauna ce, ta juyo ta kashe wanda bai ji ba bai gani ba. A wurinsa, in babu tabbas, gara a fasa harbin. Dalilin da ya sa kakanninmu suka yi rarrafe da kan burtu, shi ne dalilin da ya sa 'yan Bama suka riƙa zuba tafasasshen ruwa a bututu bayan wahalar yini. Hanyoyin sun bambanta, amma nufin guda ne, kada abin da ya bar hannunka ya faɗa inda ba ka nufa ba.

Wataƙila shi ya sa kalmar ta fita daga bariki ta shiga bakin kowa. Yau idan mutum yana magana ko aiki ba tare da duba inda abin zai faɗa ba, sai a ce wane ba shi da saiti, in kuma an dawo da shi kan hanya a ce an saita shi. Tsofaffin maharban Kurfi da Dutsin-Ma da ƙauyukan bakin Zobe, da 'ya'yan 'yan Bama da suka ji labari daga bakin iyayensu, suna nan da sauran wannan ilmi, amma kullum raguwa suke yi. Ya kamata a je a zauna da su, a rubuta sunayen kayan aikinsu da dokokin dajinsu da abin da suke hana yaro kafin su miƙa masa makami, tun suna da rai.